Hular da Ba a Binne Ba

A duk faɗin garin Neza mutum biyu ne kawai suka san Mujiya ta mutu: ƙanenta Nabor da 'yarta Citlali. Maƙwabta dai sun san Amparo mai wankau ta rasu. Sun je jana'iza, sun sha kofi, sun ce baiwar Allah ba ta da hayaniya. Ba su san cewa matar nan mai shanya kayan mutane a saman rufi ita ce Mujiyar da suke tsine wa kowace Lahadi da yamma a zauren kokawa ba, suna jifan ta da ɓawon lemu da kofunan giya. Tun zamanin da aka hana mata 'yan kokawa yin wasa a cikin babban birni, suna bin garuruwan gefe a motar haya, take shiga dandali da hular fuska ruwan toka, irin mai rufe kai gaba ɗaya a ɗaure ta da igiya a ƙeya, da fararen da'irori kewaye da idanu. Babu macen da ta taɓa raba ta da ita.

Al'ada ita ce a binne mai hula da hularsa. Nabor bai yi haka ba. An riga an manna sunan Mujiya a bango don wasan Lahadi, shi kuwa mutum ne da in aka manna abu a bango to ya zama wahayi. Ya dubi Citlali, wadda uwarta ta koya wa faɗuwa tun kafin ta iya karatu, ya ga tsayinsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya. Aka binne Amparo da fuska a buɗe, ranar Lahadi Mujiya ta yi wasa, babu wanda ya ga canji.

Da fari hula ce kawai, mai warin tsohon gumi da man da uwarta ke shafawa a gwiwa. Citlali ta ji daɗinta ma, don in ta saka ta kewar uwar takan lafa. Daga baya ne wasa ya fara ɓace mata. Takan tuna kawunta yana jan igiya a ƙeyarta, sai kuma ta tsinci kanta a banɗakin zaure, ruwa na zuba a kanta, gaɓoɓin yatsunta sun farfashe, ana buga ƙofa ana cewa yau ta yi ɓarna. Gwiwarta ta hagu, wadda ba ta taɓa bugewa ba, ta fara ciwo, kuma ita ce gwiwar da Amparo ta karya a garin Tampico. Sai abin ya daina tsayawa a Lahadi. Wata Talata ta farga tana saman rufi da makaman shanya a baki, tana shanya zannuwan gadon wata maƙwabciya, alhali ita ba ta taɓa karɓar wankau ba. Matar ta ce ai ita ta zo da kanta ta ƙwanƙwasa ta karɓa, har ta tambayi ciwon bayan mijinta.

Ta ɗauki hular ta jefa a baƙin ruwan kwatar bayan gari, ta tsaya har ta ga ta nutse. Ranar Lahadi ta farga a ɗakin canza kaya, hular na kanta tana ɗigar da ruwa mai wari. Nabor ya rantse da Budurwa Maryamu ba shi ya tsamo ta ba, kuma ta yarda. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ta san in aka ci gaba a haka akwai Lahadin da za ta shiga, ta ƙi dawowa.

Shi ya sa ta je wurin Herminia don ta roƙe ta ta kayar da ita.

Herminia tsohuwar abokiyar gabar uwarta ce. Ta ba hamsin baya, tana sayar da pozole, wato romon masara da nama, a bakin kasuwa, in an neme ta kuma takan hau dandali, don har yanzu mutane na son ganin dogon kitsonta mai furfura da ya sauko har ƙugu. Ita ma mai hula ce a da, Mujiya ce ta raba ta da ita. Citlali ta zauna a benci ta ce a zuba mata, ta kasa ci, ta yi ta juya cokali a cikin romon.

"In ba ki ci, tashi ki ba masu yunwa wuri," in ji Herminia. "Ko kuwa kin zo ki gaya min uwarki ta mutu ne?"

Cokalin ya suɓuce daga hannun Citlali.

"Inna Mina, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Na fi mijinta sanin jikin matar nan. Ranar farko da kika kama wuyana na ce wannan hannun yarinya ne, har tausayina kike ji, shashasha. Na yi shiru, me ya dame ni." Ta rufe tukunya, ta rage murya. "Amma wasanmu na Toluca, wa ya shiga?"

"Ban tuna wasan Toluca ba."

"Na sani. Wadda ta shiga ta raɗa min magana a kunne, maganar da ni da ita kaɗai muka sani. Na koma gida na kunna kyandir, ban sake karɓar wasa da Mujiya ba."

Citlali ta faɗa mata komai, da gwiwa, da wankau, da kwata. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Hula hanya ɗaya take mutuwa, kowa ya sani: a saka ta a caca a gaban jama'a a faɗi. Wadda ta faɗi za ta tsaya tsakiyar dandali ta kwance igiya da hannunta, ta nuna fuskarta, ta faɗi sunanta da garinsu, ta miƙa hular ga wadda ta yi nasara. Daga ranar ba ta da ikon sake saka ta, kuma babu wanda zai iya shiga da ita a ce Mujiya ce.

"Hula da gashi, Inna. Ni na saka hula, ke ki saka kitsonki. Zan kwanta miki."

Herminia ta yi dariya ba ta daɗi ba. "Za ki kwanta min! 'Yar nan, haka uwarki ta ce. An zauna an shirya ni zan ci, ta ce to, har ta sha kofina. Muka shiga ta karya min haƙarƙari biyu, ta tafi da hulata a jaka. Matar nan ko a wasan lido ba ta iya faɗuwa ba."

"Ni ba ita ba ce."

"Yau Laraba. Ranar Lahadi nake ji."

Citlali ta fashe da kuka a nan kan benci, masu cin abinci suna kallo. Herminia ta tsani kuka. Ta goge hannu a jikin zani, ta dubi titi, ta ja dogon tsaki.

"To, ya isa, kada ki kore min masu ciniki. Kayen farko naki, na biyu da na uku nawa. Na uku zan naɗe ki daga baya, ke dai ki saki jiki ki bar kafaɗunki a ƙasa. In na karɓi hular, murhun nan zan cusa ta, na dafa masara da ita. Yanzu ci abincinki, kin rame kamar igiyar shanya."

Nabor bai yi musu ba. Ya ce hula da gashi zai cika zaure, can kuma ya ce da ma ya bar yayarsa ta tafi da abinta. Shi ma ya gaji da ɗaure igiya yana jin ana gaishe shi da muryar yayarsa.

Ranar wasa rana ba ta faɗi ba tukuna, haskenta na shigowa ta hujojin kwanon rufi. Zaure ya cika har kan matakala, masu tallan gyaɗa da giya na ratsa mutane, tsofaffin matan layin gaba sun zo da bakinsu a wase. A ɗakin canza kaya Citlali ta tsaya gaban hoton Budurwa ta yi alamar gicciye. Ta ɗauki murfin kwalbar lemo ta saka a cikin takalminta na dama, haƙoran suna kallon tafin ƙafa, ta ɗaure tamau. Dabararta ke nan: muddin tana jin zafin nan, to tana nan.

"Na ɗaure?" in ji Nabor.

"Ɗaure, Kawu. Na ƙarshe ke nan."

Hular ta sauko mata da sanyi kamar an tsamo ta daga randa. Ta taka ƙafar dama da ƙarfi, zafi ya harba har kanta, ta ji daɗi.

Kayen farko ya tafi yadda aka tsara. Ta ja kitson Herminia, ta yi wa alƙalin wasa gwalo, tsofaffin layin gaba suka zage ta tas har kakanninta. Sau ɗaya kawai ta ji abu ya gifta mata, kamar mai gyangyaɗi a mota, ta farga ta ga gwiwarta a kan maƙogwaron Herminia, abin da ba ya cikin shiri. Ta yi maza ta ɗage, ta murza ƙafa a kan murfin.

"Ke ce?" Herminia ta tambaya ta gefen baki.

"Ni ce, Inna."

Kaye na biyu Herminia ta ɗauke ta ta maka da ƙasa, ta hau kanta. Citlali ta manna kafaɗunta da dandali, ta ji wani abu a bayanta yana turo ta sama, ta danne da duk ƙarfinta. Ɗaya, biyu, uku. Zaure ya ɗauki ihu. Tana kwance tana haki, farin ciki ya cika ta har hawaye ya taru a cikin hular. Ashe ana iya kayar da ita. Saura ɗaya.

A kaye na uku ne ta lura ta daina jin murfin. Ta taka, ta sake takawa, tana jin jini na cika takalmin amma babu zafi, sai ka ce ƙafar wani ce. Gwiwar hagu kuwa ta ɗauki zugi. Ta so ta gaya wa Herminia su gama yanzu, ashe tsohuwar ta riga ta gane, don ba ta jira lokacin da aka tsara ba. Ta zame ta bayanta, ta naɗe ta, ta kifa ta kan kafaɗu, ta ɗora mata duk nauyinta. Alƙali ya faɗi ƙasa ya buga tafi. Ɗaya. Biyu. Citlali na kallon hannunsa ya ɗaga zai sauko na uku, sai kafaɗarta ta hagu ta tashi.

Ba ita ta ɗaga ta ba.

Daga nan ta koma 'yar kallo. A da in abin ya zo takan ɓace ne gaba ɗaya, amma yau an bar ta ta gani, daga can nesa, kamar mai leƙen tsakar gida ta hujin ƙofa. Ta ga hannuwanta sun kama Herminia sun wurga ta kan igiyoyi. Ta ga ƙafarta na ɗingishi. Ta ga an kifa tsohuwar rub da ciki, an hau bayanta, an sarƙe mata wuya da damtse ana ja baya, kamun da Amparo ta yi suna da shi, wanda ta ƙi koya wa kowa har 'yarta. Citlali ta yi ihu a ciki, bakin bai motsa ba. Da ya motsa, wata murya ce ta fito, mai kaushi, a natse, muryar da ke kiran ta cin abinci tana yarinya.

"Minita, ke ce kuma? Ba ki daddara ba?"

Alƙali ya durƙusa yana tambayar Herminia ko ta sallama. Ta kaɗa yatsa alamar a'a. Fuskarta ta yi ja, ta koma baƙi-baƙi, jijiyoyin goshinta suka fito. Kalma ɗaya za ta faɗa a sake ta, a aske ta, ta koma kan tukunyarta, gashi kuma ya sake fitowa. Ta ƙi, don ta yi wa 'yar mutane alkawari a kan benci. Citlali na jin ƙashin wuyan yana ƙara a cikin damtsenta, ta san wadda ke ja ba za ta tsaya ba.

Hannun Herminia ya taso yana lalube ta baya. Ya taɓa kafaɗa, ya taɓa kunne, ya sami gefen hular a ƙarƙashin haɓa. Ko neman numfashi take, ko ta ga babu sauran hanya, Allah kaɗai ya sani. Ta cusa yatsu ta fizga da ƙarfin macen da ta shekara talatin tana ɗaga mutane. Igiya ta tsinke, hular ta fita.

Iska ta bugi fuskar Citlali. Zafin murfin ya dawo mata gaba ɗaya har ta yi ƙara, da muryarta. Hannuwanta suka saki wuyan. Ta ji ƙamshin gyaɗa, ta ga hasken rana a ƙura, ta ga fitilu, komai ya matso kusa. Ita ce, ita kaɗai, babu kowa a bayanta. Zaure ya yi tsit.

Ko ɗan yaye a wannan zaure ya san doka: wadda ta cire wa abokiyar karawa hula da hannunta ta faɗi. Alƙali ya riga ya miƙe yana kaɗa hannu, an buga ƙararrawa, Mujiya ta ci. Amma Herminia, tana kwance da hular a hannu, ta hango abin da doka ba ta hana ba. In yarinyar nan ta miƙe tsaye yanzu, jama'a suka ga fuskar budurwa a inda suke zaton tsohuwa, ta faɗi sunanta da bakinta, to an gama, ci ko faɗuwa. Babu bangon da za a sake manna wa sunan Mujiya.

"Tashi!" Muryarta ta shaƙe, da ƙyar take fita. "Ɗago kai, 'yar nan! Faɗi sunanki!"

Citlali ta ji ta sarai, ta kuma gane. Sai dai tun kafin maganar ta iso, tafukanta sun riga sun rufe fuskarta, ta kifa goshi a dandali, ta dunƙule. Haka duk mai hula ke yi. Shi ne abu na farko da ake koya maka, kafin kamu, kafin faɗuwa: in hula ta fita, ka ɓoye fuska ko da ana dukan ka. Tana 'yar ƙarama uwarta kan fizge mata tawul daga kai ba zato, in ta yi jinkirin rufewa ta sha mari. Yanzu ga ido dubu a kanta, ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ta ce wa kanta ɗago, ta ce bari ta ja numfashi ɗaya tukuna, ɗaya kawai. Kuma abin da zai fi ci mata rai shi ne, wannan karon babu wanda ya riƙe mata hannuwan. Nata ne.

Numfashi ɗayan ya ishi mutanen kirki su kawo agaji. Nabor ya faɗo dandali ya lulluɓe mata kai da tawul, yadda ya saba yi wa yayarsa. Tsofaffin layin gaba, waɗanda suka wuni suna tsine mata, suka juya kan Herminia suna cewa mara kunya, a mayar wa baiwar Allah hularta. Wani mai hoto ya sauke kyamararsa don mutunci. Alƙali ya murɗe yatsun Herminia ya ƙwace hular, tana riƙe da ƙafar wandonsa tana roƙo ba ya ji, ya zo da sauri ya tura ta ƙarƙashin tawul.

"Kawu, a'a," in ji Citlali. Amma ta cikin tafin hannu ta faɗa, zaure kuma ya ɓarke da ihu.

"Yi haƙuri, 'yata, mutane na kallo," in ji Nabor, yana kuka. "Mu fita daga nan tukuna, a ciki sai ki cire."

Nabor ya zura mata hular. Da ya ga igiyar ta tsinke, ya zare ta takalminsa ya ɗaure da ita, ya ja sosai don kada ta sake fita.

Aka kawo kujera tsakiyar dandali, mai aski ya hau da jakarsa. Herminia ta zauna da kanta, ba ta bari an kama ta ba, hannu ɗaya a wuya. Wadda ta ci ita ke fara yanka, don haka aka miƙa wa Mujiya almakashi. Ta taho tana ɗingisa ƙafar hagu, ta naɗe dogon kitson a hannunta. Citlali na gani, amma hujin da take leƙe ta ciki sai ƙanƙancewa yake, ihun jama'a na yin nisa, zafin ƙafar ma ya tafi.

Herminia ta ɗaga kai ta dubi cikin fararen da'irorin nan.

"Citlali?" ta ce a hankali. "'Yar nan, kina ji na?"

Tana ji. Ta tattara duk abin da ya rage mata don ta amsa, ta ji bakin ya buɗe.

"Yarinyar ta gaji, Minita, ƙyale ta ta huta. Sunkuyar da kai."